An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Makilin, Ruwan Bohol Da Ɗan Da Ke Ciki

Masu jiran ci gaban labarin da muke ciki ku yi mini afuwa, wannan makon alƙalamina ya ƙi bin hanyar soyayya. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun ranar Larabar da ta wuce, in kuwa ban fitar da ita ba, ko na zauna rubutu ba abin kirki zan rubuta muku ba.

'Yar farina, wadda kunya ba ta bari in kama sunanta, tana ɗauke da cikin fari wata biyar. Na je duba ta a gidanta nan cikin Daura, ina shiga tsakar gida sai idona ya faɗa kan makilin sabo fil a cikin kwandon shara, ko rabi ba a matsa ba. Na ce, "Ke, wannan fa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Umma, wai an ce yana kashe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki." Na ce in ji wa? Sai ta miƙo mini waya. Odiyo ne na WhatsApp, muryar wani namiji da bai faɗi sunansa ba, bai faɗi inda ya yi karatu ba, amma wadda ta turo ta rubuta "daga bakin wani babban likita". Ya ce akwai wani sinadari wai shi fuloraid da Turawa suka zuba a man goge baki don su dakushe basirar 'ya'yanmu, ya rantse ya maya, ya rufe da cewa duk wanda bai tura wa mutum goma ba Allah zai tambaye shi.

Muna cikin sauraro sai ga mai ruwa ya yi sallama da kurarsa. Ya juye jarka huɗu a randa da baho, yarinyar nan ta ɗebi kofi guda ta kafa kai ta shanye. Na ce, "Malam, daga wace rijiya kake ɗebowa?" Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, duk inda layi ya yi sauƙi. Yau wannan bohol, gobe wancan."

To jama'a, a nan raina ya ɓaci. Ta jefar da abin da ake tofarwa, ta rungumi abin da ake haɗiyewa kofi goma a wuni, ba ta san daga ina ya fito ba, ba ta san abin da ke cikinsa ba. Laifinta ne? Wallahi ba laifinta ba ne. Laifin yana kan mutane kashi uku, kuma ni da nake wannan rubutu ina cikin kashi na uku.

Ni ba likita ba ce, karatuna a sakandare ya tsaya. Amma wanda ya shekara ashirin yana rubuta littafi ya san yadda ake bin diddigin magana. Na zaunar da ɗan ƙanwata da ke karatun aikin lafiya, muka kwana uku yana karanto mini ina tambaya, har sai da na gane kan zancen. Ga shi a taƙaice.

Fuloraid ba ƙirƙirar Bature ba ne. Sinadari ne da Allah ya halitta a cikin duwatsu da ƙasa, ruwan da ya daɗe yana kwance a jikin dutse yakan narkar da shi ya ɗauko. Shi ya sa ruwan rijiyar burtsatse mai zurfi ya fi ruwan sama da ruwan dam yiwuwar ɗauke da shi. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba shi da ɗanɗano. Kaɗan daga cikinsa yana hana haƙori ruɓewa, abin da ya sa garin Grand Rapids na Amurka ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945, kuma ake sa shi a man goge baki. Idan ya yi yawa sai ya koma cuta: haƙoran yara su fito da dabbare-dabbare fari ko ja kamar na mai cin goro, in ya ƙara yawa ya shiga ƙashi ya lanƙwasa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka, kada ya wuce miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwan sha, kuma wannan adadin ne ke cikin ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya da aka fitar a 2007.

Saura maganar ciki, wadda ita ce ta dame ni. Masana sun tabbatar fuloraid ɗin da mai ciki ta sha yana ratsa mabiyiya ya isa jikin ɗan tayi. Abin da ake ja-in-ja a kai shi ne ɓarnar da yake yi in ya isa. A 2017 an fitar da wani bincike da aka yi a birnin Meziko kan uwaye da 'ya'yansu 299: an auna fitsarin matan suna da ciki, aka jira yaran suka girma aka gwada kaifin ƙwaƙwalwarsu, aka tarar duk ƙarin rabin miligiram a litar fitsarin uwa yana tafiya da raguwar maki 2.5 a gwajin yaro. A 2019 mujallar JAMA Pediatrics ta buga na Kanada, uwaye da 'ya'ya 512 daga birane 6, inda ƙarin miligiram 1 ya zo da raguwar maki kusan 4.5 a yara maza, a mata kuwa ba a ga haka ba. To amma a garin Odense na Denmark, inda sinadarin bai da yawa a ruwa, an yi irin wannan bincike ba a ga komai ba. A Sifen ma, a 2022, sakamakon juyewa ya yi, 'ya'ya mazan da iyayensu suka fi shan sinadarin su suka fi maki. Da wata hukumar binciken guba ta gwamnatin Amurka ta tattara bincike-binciken duniya a watan Agusta na 2024, hukuncin da ta yanke shi ne: ruwan da ya haura miligiram 1.5 akwai matsakaicin tabbaci cewa yana da alaƙa da raguwar kaifin ƙwaƙwalwar yara, amma a kan 0.7 da suke zubawa a famfonsu hujja ba ta isa a yanke hukunci ba. Duk da haka jihohin Utah da Florida sun hana zuba shi a ruwan famfo a 2025.

Kun ga inda maganar ta tsaya. A ƙasa-ƙasa malamai na gardama, a sama da 1.5 kuwa gardamar ta yi sauƙi. Kuma duk rigimar Amurka a kan wanda hukuma ke aunawa da sikeli ta zuba ne. Namu ba mai zubawa, ba mai sikeli. Daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa yadda ya ga dama, wannan rijiya ta yi daidai, ta bayan gida ta yi yawa.

Yanzu bari in juyo kan mutanena.

Kashi na farko ku ne masu odiyo, da masu tura shi ba su tambaya ba. Na san abin da ya sa ake saurin yarda da ku. Mutanen da suka ga abin da gwajin maganin Trovan ya yi wa yara a Kano a 1996 ba za a ce musu kada su yi zargi ba, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Amma mun ga kuma inda zargi marar bincike ya kai mu a 2003, da aka dakatar da allurar shan inna, cutar ta dawo ta naƙasa yara har ta tsallaka wasu ƙasashe. Ku ji tsoron Allah! Babba mai hankali yana goge baki ya tofar ya kurkure, abin da ke wucewa cikinsa ɗan kaɗan ne. Mai ciki kuwa dama dasashinta na saurin kumbura da zubar jini, ka sa ta daina wanke baki, ka haɗa ta da ciwon haƙori a wata na takwas, lokacin da ba kowane magani za a ba ta ba. Wace riba ka ci? Kuma mafi muni, ka ɗauke hankalinta daga randa ka mayar kan burushi. Ita yanzu gani take ta tsira.

Kashi na biyu su ne masu haƙa mana bohol, da 'yan bokon da ke kare su. Na kai wannan magana gaban wani mai ilmi cikin danginmu sai ya taɓe baki ya ce, "Hajiya, wannan ai matsalar waɗanda suka ƙoshi ce. Mu da muke neman ruwan ko wane iri ne?" To ga amsarka, Alhaji. Ka san Tibiri? Tibirin Gobir nake nufi, nan kusa da Maraɗi, Hausawa 'yan'uwanmu, masu cin tuwo irin namu da fura irin tamu. A wajajen 1985 aka haɗa garin da ruwan wata rijiyar burtsatse, aka yi murna an rabu da wahalar guga. Shekara da shekaru ana sha. Sai aka fara ganin yara haƙoransu sun yi ja suna gutsurewa, ƙafafu sun gwame, kawuna sun yi girma, wasu ba sa iya miƙewa. Da aka auna ruwan sai aka tarar fuloraid ɗinsa tsakanin miligiram 4.8 ne da 6.6, wato ninki uku zuwa huɗu na iyakar da aka sa. Zuwa 2001 an ƙirga yara sama da 400 da suka naƙasa, daga ɗan wata 15 zuwa ɗan shekara 14, waɗanda abin ya taɓa gaba ɗaya kuwa an kiyasta sun kusa 5,000. Sai da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Nijar ta tashi tsaye, ƙungiyar FIDH ta duniya ta fitar da rahoto a 2002, sannan duniya ta ji. Ɗan wata 15 fa! Wannan yaron, ruwan nan uwarsa ta sha wata tara tana ɗauke da shi. Su ma ƙoshi ne ya yi musu yawa?

Ba sai mun tsallaka iyaka ba ma. A Langtang ta jihar Filato da Kaltungo ta jihar Gombe an daɗe da sanin ruwan ƙasarsu na ɓata haƙoran yara. Kuma akwai abin da ya ƙara ɗaure mana wuya mu mutanen Sahel: zafi. Mai ciki a Daura cikin watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, ruwan da za ta sha a wuni ba ɗaya yake da na Baturiyar Kanada ba. Tun a 1988 wasu masana da suka yi aiki a Senegal suka rubuta a mujallar Lancet cewa iyakar nan ta 1.5 ta yi yawa ga ƙasashe masu zafi, saboda sun ga haƙoran yara na lalacewa a ƙasa da haka.

A fahimce ni da kyau, kada gobe a ce marubuciya ta ce ruwan Daura guba ne. Ban faɗa ba. Abin da nake cewa shi ne a auna a nuna mana. Ku zaga daga Daura zuwa Sandamu, Zango, Ɓaure da Mai'aduwa, ku karanta allunan da ke jikin tankunan bohol. Wanda ke unguwarmu na haddace shi: sunan wanda ya kawo aikin da manyan baƙaƙe, muƙaminsa, shekarar da aka yi, har da hotonsa yana murmushi. Abin da ke cikin ruwan fa? Ko layi ɗaya babu. Mutum ya kashe miliyoyi a haƙa, a sa sola, a yi fenti, a kira maroƙa ranar buɗewa, amma kwalba ɗaya ta ruwan da za a kai ɗakin gwaji ta gagara? In an auna, ina takardar? Me ya hana a liƙa ta inda aka liƙa hoton? Mu da tarihin garinmu kaf a bakin rijiya ya fara, kowane ɗan firamare ya san yadda maciji ya hana mutanen Daurama ɗiban ruwan Kusugu sai ranar Juma'a, har Bayajida ya zo ya sare kansa. Wancan macijin ana ganinsa, yana fasa kai. Irin na Tibiri sai da ya shekara goma sha biyar a cikin ruwa ba wanda ya gan shi.

Kashi na uku mu ne, marubuta. A nan zan fara da kaina. A ɗaya daga cikin littattafaina na farko akwai amaryar da ta haifi yaro mai katon kai da shanyayyun ƙafafu. Me na ce ya jawo? Kishiya ce ta je wurin boka aka binne layu a bakin ƙofa. Littafin ya shiga kasuwa, mata suka yi ta aiko mini da wasiƙu suna tsine wa uwargidan. Na ji daɗi a lokacin, yau kunya nake ji. Ku duba littattafanmu tun daga na kasuwar Sabon Gari har zuwa waɗanda ake karantawa a waya yanzu: yaro bai yi magana da wuri ba, mayya ce, ciki ya zube, sammu ne, yarinya ba ta gane karatu, aljani ya shafe ta. Ban ce babu sihiri ba, ni Musulma ce. Amma mu muka koya wa matan Hausawa cewa duk wata cuta tana da fuskar mace, kuma fuskar tana ɗakin da ke kallon nata. Sau nawa muka rubuta cewa ruwa ne? Sau nawa muka rubuta cewa ƙasa ce, kamar gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010? Ina tuna uwayen Tibiri in ce a raina, kafin a kawo na'urar awo, mata nawa aka nuna da yatsa? Mace takan karanta littafinmu a ɗaki cikin dare, ta yarda da mu fiye da yadda ta yarda da malamar awo. Wannan amana ce, kuma mun yi wasa da ita.

Akwai kuma abin da ke cikin madafinmu da ya kamata a duba, ko da tsofaffi za su ji haushina: kanwa. A Tanzaniya akwai 'yar'uwar kanwa da suke kira magadi, suna sa ta a wake da ganye kamar yadda muke yi. Masu bincike sun tarar da ƙauyukan da ruwansu lafiya lau amma haƙoran yara sun lalace, da aka bi sawu sai ga fuloraid jibge a cikin magadin. Tamu kanwar, da jar da farar da ungurnu, ta cancanci a kai ta ɗakin gwaji ita ma. Dama tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, saboda gishirin da ke cikinta. Ganyen shayi ma yana tara fuloraid, don haka mai cikin da ke shan baƙin shayi mai kauri safe da rana da dare ta sassauta.

To me nake nema? Abubuwa ne da ba su fi ƙarfin kowa ba.

Hukumar RUWASSA ta jihar Katsina da ƙananan hukumomi biyar na masarautar nan su sa doka: ba a buɗe bohol, na gwamnati ko na ɗan siyasa ko na mai sayar wa 'yan garuwa, sai an auna ruwan an rubuta sakamakon a jikin tanki da Hausa, da ranar da aka auna. Tsofaffin ma a bi su ɗaya bayan ɗaya. Muna da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, muna da ta Tarayya a Dutsin-ma, muna da kwalejin kimiyya da fasaha ta Tarayya da makarantar koyon aikin lafiya a nan cikin Daura. Ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai kowace shekara, ga shi nan a ƙofar gidansu. Fadar Mai Martaba Sarkin Daura kuwa, in ta yi magana ɗaya, hakimai da dagatai da masu unguwanni za su kawo jerin kowace rijiya cikin mako guda. Rijiyar da aka samu ta haura iyaka ba sai an rufe ta ba, a shafa mata jan fenti, a yi wanki da wanka da ita, a nuna wa masu ciki da ƙananan yara wata. Akwai hanyoyin rage sinadarin ma: a Indiya suna amfani da alif da farar ƙasa ta gini, a Kenya da Habasha suna tace ruwa da gawayin ƙashi.

Ke kuma 'yar'uwa mai ciki, ga abin da na gaya wa tawa. Ki ɗauko makilin ɗinki, ki goge baki ki tofar, ki haɗa da asawaki in kina so. Yaro ƙarami a sa masa kamar ƙwayar shinkafa, in ya kai shekara 3 kamar ƙwayar wake, a tsaya a kansa kada ya haɗiye. Kada ki rage shan ruwa don tsoro, wannan wata cutar ce daban. Amma ki san rijiyar da ake ɗebo miki, ki tsayar da mai ruwa ɗaya da rijiya ɗaya. Ki dubi bakin yaran unguwar da suka tashi a kan ruwan nan: in kin ga da yawansu haƙoransu sun yi dabbare-dabbare ko ja alhali ba goro suke ci ba, ki canja ruwan sha, ki kai maganar wurin awo. Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ya fitar da fuloraid, ƙara masa kauri ma yake yi in ruwan ya ƙone. In kin haihu ki ba da nono, domin Allah cikin ikonsa ya sa sinadarin ba ya wucewa cikin nonon uwa sai ɗan mitsitsi, ko da ruwan da take sha yana da shi da yawa. Madarar gwangwani da aka dama da ruwan bohol ba ta da wannan kariyar.

Ku kuma 'yan'uwana marubuta, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ban ce ku daina soyayya ba, da ita muke cin abinci. Amma a littafi na gaba, in jaririn ya zo da matsala, a bar uwargida ta huta ko sau ɗaya, a tura jarumin ya ɗauki kwalba ya nufi rijiya. Ni dai na yi wa kaina alƙawari, in an sake buga wancan littafin nawa sai na gyara babin, ko da mai shagon zai ce na ɓata masa kasuwa.

Jiya na koma gidan yarinyar. Na tarar mijinta ya cika wata robar ruwa daga jarkar mai ruwa, ya rubuta sunan unguwar da aka ɗebo a jiki, zai ba abokinsa ya tafi da ita Katsina a auna. Ta ce, "Umma, in aka ce yana da yawa fa?" Na ce sai mu canja rijiya, mu kuma gaya wa maƙwabta. Ta ce, "In kuma aka ce lafiya lau?" Na ce sai ki sha ki yi barci, ki goge odiyon nan daga wayarki.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuriya da lafiya da basira. Wanda ya ga kuskure a maganata ya gyara mini da hujja, ba da rantsuwa ba. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.

Wassalam. Taku, daga birnin Daura.